HAƘORI NA 6, SHEKARA 6: SAƘO KAFIN MU TAFI HUTU

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu.

Duk wanda ke karatun likitan haƙori ya san tambayar nan: "Haƙori kawai? Shekara 6 a kan haƙori?" An yi min ita a hostal, an yi min a ƙofar masallaci, har a Sabo nan Ibadan wajen mai shayi. Wani ma cewa ya yi, "Malam, faɗi gaskiya, medisin ne dai ba ka samu ba ko?" To yau bari in ba da amsa sau ɗaya, kuma a ƙarshe akwai alfarmar da zan roƙa.

Akwai firaktikal ɗin da muke yi, a ba ka guntun kaki da 'yar wuƙa a ce ka sassaƙa haƙori daidai da na mutum. Da ruwla ake aunawa. Haƙorin gaba na sama, abin da ke fitowa waje kusan milimita 10 da rabi ne, saiwarsa kusan 13. Ka kwana kana kankara, ga zafi ga babu wuta, lakcara ya ɗaga ya juya shi sau ɗaya ya ce wannan na hagu ne ko na dama? Idan bai gane ba, sai ka sake. A nan na san cewa babu tudu ko kwari ko ɗaya a jikin haƙori da aka yi shi a banza.

Babba yana da haƙora 32, yaro kafin famfara yana da 20. Raba bakin babba gida 4, kowane gida akwai haƙoran gaba 2 masu yanka, fiƙa 1 mai yaga, ƙananan turame 2, sai manyan turame 3. Fiƙa ita ce ta fi kowane tsawon saiwa. Turmi na ƙarshe kuwa yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25 yake fitowa, shi ya sa wasunmu kumatu ke kumbura ana tsakiyar jarrabawa.

Wallahi Bahaushe ya iya raɗa suna. Littattafanmu sun cika shafuka suna bayanin yadda tsinin haƙorin sama ke faɗawa cikin ramin na ƙasa idan an rufe baki. Kakanninmu da kalma ɗaya suka gama: turmi. Ga turmi ga taɓarya, daka kawai ake yi. Babban turmi na farko na ƙasa yawanci tsini 5 gare shi, 3 ta wajen kumatu, 2 ta wajen harshe. Na sama 4 ne, amma wasu mutane suna da ɗan ƙari ta wajen ganda, wanda aka sa wa sunan Karabelli, wani likitan haƙori na Biyana da ya yi bayaninsa a 1842. Taɓa naka da harshe, ƙila kana da shi.

Haka idan haƙoran gaba na yaro suka fito sababbi, za ka ga bakinsu da 'yan tudu 3 kamar zarto. Ba ciwo ba ne, tauna ce ke goge su da kanta. Akwai kuma masu haƙora da farin dabbare ko ruwan ƙasa tun suna yara, a yi ta tsokanarsu wai goro ne ko ƙazanta. Sau da yawa ruwan sha ne mai yawan sinadarin fuloraid lokacin da haƙorin ke ginuwa, kamar yadda aka sani a yankin Langtang ta jihar Filato. Asuwaki ba ya fitar da shi, don haka a daina gori.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Tsakanin tsinayen turmi akwai 'yan kwaruruka, wasu sun fi gashin buroshi siranta. Ragowar alewa, biskit da lemon kwalba a nan suke maƙalewa. Ƙwayoyin cuta su ci sukarin, su fitar da tsami, tsamin ya narkar da farin ɓawon haƙori. Ɓawon nan shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 ma'adini ne, amma idan ya rufta ba ya sake tsirowa. Babu wata tsutsa a ciki. Idan kogon ya kai ga jijiya, a nan ne ake kwana ana salati.

Kuma wanda ya fi shan wannan wahala shi ne babban turmi na farko. Yana fitowa yaro na da kamar shekara 6, can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye sai su ɗauka cikin na famfara ne. Ya yi baƙi, a ce a bar shi ai zai fita wani ya fito. Babu wani da zai fito. Shi ke nan har tsufa. Idan aka cire shi, na bayansa kan kwanto cikin giɓin, na sama ya zazzago, tauna ta karkace. A asibitin koyarwa muna ganin samari sa'o'inmu da wannan giɓin, kuma duk lokacin da na gani ƙannena nake tunawa, don a ƙauyenmu babu wanda ke zuwa wajen likitan haƙori sai fuska ta kumbura.

To ga alfarmar. Idan kun je gida hutu, ku kira ƙannenku da 'ya'yan yayyenku masu shekara 6 zuwa 12. Kunna tocilar waya, a ce "aaa". Fara ƙirga daga tsakiyar haƙoran gaba zuwa baya, har da gurbin wanda ya faɗi. Na 6 shi ne. Guda 4 ne, sama da ƙasa, hagu da dama. Idan kun ga baƙin ɗigo ko rami, a je asibiti tun bai fara ciwo ba, ciko ya fi cirewa sauƙi. Idan lafiya lau yake, akwai wani danƙo da likita ke shafawa ya toshe kwarurukan, babu allura babu haƙa. A goge baki sau 2 a rana da man goge baki mai fuloraid, musamman kafin barci. Asuwaki abu ne mai kyau, sai dai a tabbatar ya kai can baya. Kuma don Allah ku yi wa su Umma bayani da lalama, su ne ke tare da yaran kullum.

Mun baro gida mun zo nan muna cin amala da kewa, ya kamata mutanen gida su ga amfanin tafiyar tun kafin mu karɓi kwali. Wanda ya duba ya ga wani abu, ya dawo ya faɗa min.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kai mu gida lafiya.