Garin Neman Gira: Motocin Da Ake Zaunarwa Ƙasa Da Tayoyin Da Ke Gugar Bodi

A wannan wata mun ajiye batun makaranta da jarrabawa gefe guda, za mu ɗan taɓa wani yayi da ya shigo wa samarinmu masu motoci a nan Injamena. Yayin kuwa shi ne a sayi mota, a kai ta gareji a rage mata tsawo har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, sa'an nan a cire mata wilinta na asali, wato ƙarfen nan da ake ɗaura wa taya wanda kanikawanmu suka fi kira jante da Faransanci, a sa mata masu faɗi masu ƙyalli. Duk wanda ya tsaya bakin titin Charles de Gaulle da la'asar sakaliya, ko ya bi ayarin ɗaukar amarya, ya ga irinsu. Kyau kam suna da shi, ba mu musu. Amma da zarar motar ta taka rami, ko direba ya murɗa sitiyari zai sha kwana, sai ka ji ƙara ƙurrr daga ƙarƙashin madigadi. Taya ce ke gugar bodi.

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan malamin makaranta da aikin bakanike. To, ruwanmu biyu ne. Na farko, da yawa daga cikin masu motocin nan a gabanmu suka zauna kan benci, iyayensu kuma maƙwabtanmu ne. Na biyu, idan aka bi diddigin matsalar za a tarar lissafi ne na tarawa da ɗebewa, irin wanda muke koyarwa a aji shida na firamare.

Tazarar nan da ke tsakanin taya da madigadi, wadda samari ke ganin tana rage wa mota kwarjini, da gangan masu ƙera motar suka bar ta. Cikinta taya ke shiga in an taka tudu, cikinta take juyawa in an sha kwana, cikinta kuma bodi ke sauka in an yi lodi. Wanda ya cinye wannan tazara don ado, hanya za ta biyo shi bashi, kuma a jikin taya za ta karɓa.

Yayin zaunar da mota ya samo asali ne daga Amurka, a wajen samari 'yan asalin Meziko mazauna birnin Los Angeles, bayan yaƙin duniya na biyu. A 1958 jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana mota ta yi ƙasa fiye da gindin wilinta, sai samarin suka ƙirƙiro famfo mai aiki da mai wanda ke ɗaga motar ya sauke ta yadda aka so. Sai a farkon 2024 aka soke dokar. Abin lura shi ne su masu abin, a kan kwalta mai santsi suke yawo, kuma suna da dabarar ɗaga motarsu in ta kama. Mu kuwa zaman muka kwaikwaya, muka baro dabarar can, hanyarmu kuma daban take da tasu. Sauka ɗaya daga kan kwalta a Diguel ko Chagoua ko Walia, sai jar ƙasa da kwazazzabo. A watan Agusta lungunanmu kan koma tafki, balle a tuna ambaliyar 2022 da ta 2024 lokacin da Shari da Logone suka cika suka batse. Iyayenmu da suka riƙe Peugeot 504, wadda aka shafe shekaru ana harhaɗawa a Kaduna, ba don ƙyalli suka so ta ba. Doguwar ƙafa gare ta, ta taka rami ta fito ba ta koka ba.

Bari mu kawo misali da abin da muka gani da idonmu. A daminar 2024 wani tsohon ɗalibinmu ya zo gaishe mu cikin Corolla, ya ajiye ta can bakin kwalta ya ƙaraso da ƙafa, don ba za ta iya shiga lungunmu ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, motar nan ta ishe ni. Taya biyu na canja cikin wata uku, kowacce gefenta ya yanke." Muka ce masa, "Ɗana, tashi mu je mu gani." Muka ɗauki rula da guntun alli a aljihu.

Lambobin da ke jikin taya ba ado ba ne. A jikin ƙofar direba akwai takardar da ta nuna tayar asali, 195/65 R15. Ma'anarta faɗin taya milimita 195, tsawon gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 127, wili kuma inci 15, wato milimita 381. In ka tara gefe biyu da wili, tsawon tayar daga ƙasa zuwa sama milimita 635 ke nan. Shi kuwa ya sayo 225/55 R17 na hannu, don ya same su da araha. Gefensu milimita 124, wili milimita 432, jimla 680. An sami ƙarin milimita 45, rabinsa ya hau sama wajen madigadi. Ga shi kuma an yanke sifirin motar ta sauka da kusan milimita 40. Ashe fiye da santimita 6 na tazara sun tafi tun mutum bai zauna a ciki ba.

Saura lissafin gefe. A bayan kowane wili akwai haruffa ET da lamba, wadda ke nuna yadda wilin ya shige ciki ko ya fito waje. Lambar na raguwa, wili na fitowa. Na asali ET45 ne, nasa ET30, ya fito da milimita 15. Tayar kuma ta ƙara faɗin milimita 30, rabi ciki rabi waje, ga wasu 15 ɗin. Kafaɗar taya ta matso waje da santimita 3, ta tsaya daidai ƙarƙashin leɓen madigadi, ƙarfen nan mai kaifi da aka naɗe ciki. Har agogon gudu ya koma yi masa ƙarya, domin da irin wannan taya in allura ta nuna 100, motar tana kan kusan 107.

Nan haɗarin yake. Ƙasan taya da ke taka hanya yana da kauri da wayoyin ƙarfe, ƙusa ta huda shi mai faci ya gyara. Gefe kuwa siriri ne, in ya yanke har zare ya fito babu facin da za a amince da shi. Tayar da leɓen madigadi ya daɗe yana yanka ba a cikin gari takan fashe ba. Takan jira ranar da aka cika mota da iyali da buhun gero, aka hau hanyar Massaguet ko ta Bongor cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ana gudu. Allah ya kiyaye.

To, yaya gyaran yake? Abu na farko a gano inda take guga, kada a fara da guduma. Muka goga alli a leɓen madigadi da robar da ke lulluɓe cikinsa, muka sa matasa uku suka zauna baya, ya zaga ya taka tudun rage gudu, ya murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, gaba da baya. Inda alli ya goge, ko ya koma jikin taya, nan ne wurin. Wurare uku aka fi samu: leɓen madigadi ta waje, robar ciki in an murɗa sitiyari, sai jikin shokazoba ta ciki. Kowanne da maganinsa, maganin wani kuma cuta ne ga wani.

Na biyu a duba abin da ya gaji. Shokazobar da ta mutu, da robar nan da ke tare ta kada ta kai ƙarshe, sukan sa mota ta nutse fiye da kima. Sifirin da aka yanke da garanda, ko aka gasa da wutar walda, a cire shi a yar, domin ba ya zama daidai a mazauninsa, wanda aka gasa kuma ƙarfinsa ya tafi. A mayar da na asali. Mai son lallai sai ta ɗan sauka, ya nemi wanda aka ƙera don haka, kada kuma ya zarce santimita 2 ko 3 in a garin nan zai hau ta.

Na uku a gyara lissafin taya. A kan wilin nasa mai inci 17, taya 205/50 tsawonta kusan milimita 637 ne, kusan daidai da ta asali. Amma shawararmu ga mai bin hanyoyinmu ita ce inci 16 da taya 205/55, ko ya zauna kan 15 ɗinsa. Gefe mai tsawo shi ke shanye duka. Siririyar taya kan bar rami ya kai ga wili ya lanƙwasa shi, in na alminiyam ne ma ya tsage. Kada kuma a ja ƙaramar taya a kan faffaɗan wili don a tsere wa guga, tana iya suɓucewa.

Sai bayan waɗannan ne ake taɓa bodi. In roba ce kaɗai ake guga, a ɗumama ta a tura ta ciki, ko a yanke ɗan wurin. Kada a cire ta gaba ɗaya, ita ke kare wayoyin lantarki daga laka. In leɓen madigadi ne, mai gyaran bodi ya ɗumama fenti ya naɗe leɓen sama a hankali, ya shafe wurin don tsatsa. Faifan ƙarfen da ake sakawa bayan wili don a turo shi waje yana magani ne kawai in gugar ta ciki ce. In ta waje ce ƙara ta zai yi, ga wahalar da boris, ga haɗarin notin da bai kama sosai ba. Daga ƙarshe a kai mota a daidaita mata ƙafafu, domin duk motar da aka canja wa tsawo saitinta ya gurɓace.

Ɗalibin namu ya mayar da sifirin asali, ya sauya tayoyi, ƙarar ta ɗauke ba tare da an taɓa madigadi ba. Kuɗin da ya kashe bai kai na tayoyin da ya yi ta zubarwa ba.

Saboda haka muna kira ga kanikawanmu da su riƙa faɗa wa yaran nan gaskiya ko da za su rasa cinikin rana ɗaya. Iyaye da yayye kuma, in kun ji ƙarar nan a motar ɗanku, ku sunkuya ku shafa gefen tayar kafin ku bar shi ya ɗauki ƙannensa. Ku kuma samari, ba mu hana ku ado, mu ma mun yi namu yayin. Sai dai ku auna kafin ku yanke, ku tuna Malam Bahaushe ya ce garin neman gira akan rasa ido. Allah ya tsare mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai wani watan in mai duka ya kai mu.