Daɓen Kakata da Simintin Yayana

Duk wanda ya taɓa kwana a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu ya san ba a kwanan ɗaki. Da an sallame sallar lisha sai ka ga kowa ya jawo tabarmarsa zuwa tsakar gida, tsofaffi su bi gindin bango, yara su baje a tsakiya, a yi ta fifita har barci ya kwashe mutum. Da rana kuwa nan ake girki, nan ake daka, nan ake shanyar shinkafa, nan mata ke zaman suna da zaman makoki. Labarin tsakar gidanmu nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamaina, ko da yake, kamar yadda za ku gani, ni ne marar gaskiya a cikinsa.

Na buɗe ido na tarar da tsakar gidanmu daɓaɓɓiya ce. Kakata, wadda ta haifi Baba, ita ce ta jagoranci daɓen tun kafin a haife ni, kuma ba ta gajiya da ba da labarinsa. Ta ce an yi kwanaki jakuna suna jido marmara da tsakuwa, aka baje, aka yi ta yayyafa ruwa har ƙasa ta sha ta ƙoshi. Sa'an nan aka yi gayya, matan unguwa goma sha biyu suka zo kowace da madaɓinta, watau wannan guntun icce mai faɗin ciki da mariƙi. Suka durƙusa a jere, ɗaya na ba da waƙa saura na amsawa, madaɓai na sauka tare kamar hannu guda ke riƙe da su. Bayan ƙasa ta kwanta aka kawo ruwan makuba, wanda ake samu in an jiƙa ɓawon ɗorawa, aka shafe wurin, aka sake bugu, aka sake shafawa, har ya yi duhu-duhu yana ƙyalli. Ladan aikin fura ce da tuwo da goro, da kuma alkawarin cewa ran da wata ta kira ke ma za ki je.

To, amma komai ya yi farko zai yi ƙarshe. A zamanin da na yi wayo daɓen nan ya tsufa, ya yi ramu a bakin madafa da wajen randa, kuma matan da za su gyara shi sun ƙare, wasu sun rasu wasu ƙarfi ya tafi. Da damina sai taɓo, da rani sai ƙura da cinnaku, wata shekara ma kunama ta harbi ƙanwata a ɗaya daga cikin ramukan. Saboda haka sa'ad da Yaya, wanda ke aiki a Abuja, ya aiko da kuɗi a farkon shekarar 2024 ya ce a zuba wa tsakar gida siminti kafin bikinsa da za a yi bayan ƙaramar salla, Inna har guɗa ta yi. Ni kuma da yake ina hutu, kuma ni ne ɗan jami'a, sai aka ɗora mini kula da aikin. Na karɓa ina hura hanci.

Kaka kaɗai ta ƙi. Mu da ita akwai wasan jika da kaka, maigida take ce mini, ni kuwa ina ce mata amarya. Ta kira ni ta ce, "Kai maigida, mi ƙasag ga tay yi muku? Mu munka daɓe ta da hannunmu, ba ta taɓa ƙona ƙahwar kowa ba." Na yi dariya na ce, "Haba amarya, zamani ya wuce nan. Kowa ya yi siminti sai mu?" Ta dube ni ta ce, "To, tahi ka yi." Iyakar abin da ta roƙa guda biyu ne: a bar wa dogon yaron da ke tsakiyar gida fili a gindinsa, kuma kada a rufe wani ɗan lungu da ke bayan ɗakin Inna. Na ce mata na ji.

Bari in ɗan ratse, domin daga baya na bi diddigin wannan gari mai toka-toka da ya kori madaɓi. Wani magini Bature mai suna Joseph Aspdin, mutumin Lids ta ƙasar Ingila, shi ne ya yi rajistar irin wannan siminti a 1824. Masana'antarsa ta farko a Nijeriya an buɗe ta a Nkalagu a 1957, tamu ta Kalambaina da ke Sakkwato kuwa ta fara aiki a 1967, yanzu tana hannun kamfanin BUA. Ƙishirwar siminti ta taɓa kai ƙasar nan ga abin kunya a 1975, lokacin da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da shi suka toshe tashar Ikko wata da watanni. Watau a ƙasarmu ta Kabi simintin nan bai fi Babana tsufa ba, amma dubi yadda ya shiga harshe. Har kalmar ma ya ƙwace: yau in ka ce an yi wa gida daɓe, yaro zai ɗauka daɓen siminti kake nufi.

Birkilan da na ɗauko dattijo ne, ya san aikinsa. Ya auna tsakar gidan, tsawo mita 10, faɗi mita 8. Ya ce in ana son abin kirki sai an zuba kankare mai kaurin inci 4, a haɗa kwano ɗaya na siminti da biyu na yashi da huɗu na tsakuwa, kuma hakan zai ci buhu 50. Lissafinsa ya zo daidai da na Yaya, sai dai Yaya ya yi nasa ne a kan Naira 5,500 kowane buhu. Ran da na shiga kasuwa, cikin watan Fabrairu, na tarar buhu ya kai Naira 10,000. Masu karatu za su tuna lokacin, domin har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya tara masu masana'antun a Abuja aka yi maganar mayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000, maganar da ba ta iso shagon da na je ba. Kuɗin hannuna buhu 27 suka saya.

A nan ne na yi wautar. Abin da ya kamata shi ne in buga wa Yaya waya, ko kuwa a zuba rabin gida a bar rabi. Amma ina jin kunyar a ce an ba ni aiki na kasa. Na ce wa birkila ya rage kauri, ya ƙara yashi, ya ja abin nan ya game ko'ina. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, siminti ba ya jin lallashi. Abin da ka ba shi, shi zai mayar maka." Na ce ai kuɗinmu ne. Ya ce a bar layin tsaga duk bayan mita 3 domin kankare yana miƙewa da zafi yana takurewa da sanyi, in ba a yanka masa wurin tsagewa ba shi zai zaɓa da kansa. Na ce layukan za su ɓata kyan wurin. Ya ce a ɗaga gefen ɗakuna a karkata ƙasa zuwa rariya, wanda ke bukatar ƙarin ciko da ƙarin kwana guda. Na ce ba lokaci. Tun da na fara karatun jami'a ban taɓa yin gardama da mutum sau uku a jere ina faɗuwa ba sai ran nan, ga shi kuwa a lokacin gani nake ni ke kayarwa.

Aka yi aikin cikin yini biyu, leburori na kwaɓawa da shebur suna jida da baro. Gindin dogon yaro na bar masa ɗan da'ira da bai fi faifai biyu ba. Lungun bayan ɗakin Inna kuwa, wallahi mantawa na yi, sai da aka shafe shi sumul sannan na tuna. Da yamma Kaka ta dogara sandarta ta je ta tsaya a wurin, ta daɗe ba ta ce komai ba. Inna ce ta gaya mini cikin dare cewa nan aka binne mabiyiyar kowane ɗa da aka haifa a gidan, tun daga Baba har zuwa autarmu, tawa ma tana ciki. Na karanta wannan al'ada a aji, na ma amsa tambaya a kanta a jarrabawa na ci, amma ban taɓa tambayar ina tawa take ba.

Saura ban ruwa. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, ruwan da ke cikinsa ne ke haɗuwa da garin ya zama dutse a hankali. Don haka ake son a yi ta jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma ba ya cika ƙarfinsa sai ya kwana 28. Birkila ya faɗa mini. To, famfonmu ba ya kawo ruwa a lokacin, sai an saya wurin 'yan garuwa, kuɗi kuwa sun ƙare. Kwana biyu na yi ina yayyafawa na bari, ranar bazara ta ƙarasa sauran.

Azumi ya kama cikin watan Maris, zafin shekarar nan kuwa kowa ya san yadda ya yi. Da azahar ba mai iya ratsa tsakar gidanmu ba takalmi, yara sai su bi gindin bango a guje. Da dare simintin ya riƙa amayar da zafin da ya sha, ka shimfiɗa tabarma ka ji kamar a kan tanda kake. Kaka ta koma kwana a zaure. Kafin salla tsaga ta fito tun daga bakin madafa har gindin icce, wata ta haɗu da ita daga gabas. Ran da aka fara dakan biki aka ɗora turmi, bugu kaɗan wurin ya fashe, dole aka fitar da turmin waje. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi a watan Yuni kuwa, maimakon ya bi rariya sai ya taru ya nufi ɗakin da ya fi kowane ƙasa, watau ɗakin Kaka. Cikin dare muka yi ta kwarfa da ƙwarya da bokiti, tana zaune bisa gado tana kallona, ba ta ce uffan ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kada a ce na yi wa siminti rashin adalci. Inna har gobe tana sa wa Yaya albarka. Shara ta yi sauƙi, taɓo ya ƙare, kunama ba ta da maɓoya, kuma shinkafar da ake kawowa daga fadama tana shanya ta ta kwashe ba tsakuwa ko ɗaya. Gidan maƙwabcinmu da aka bi ƙa'ida, aka bar wa itatuwa fili, shekara shida ke nan ba tsaga. Ƙannena mata kuma sun ce mini in ina son daɓe in durƙusa in yi da kaina, su ba za su kashe gwiwoyinsu ba. Ban ga laifinsu ba.

Da muka koma Sakkwato sai malaminmu na adabin baka ya ba mu aikin tattaro waƙoƙin aiki na mata, kowa daga garinsu. Na ce a raina, faɗuwa ta zo daidai da zama, ga Kaka a gida. Na zo hutun mako, na saita wayata, na ce, "Amarya, yi mini waƙar daɓe in kai makaranta." Ta ce, "Maigida, ba a waƙad daɓe zaune. Ina madaɓi? Ina ƙasa? Wa za shi amsa mini, kai?" Na lallashe ta, ta gwada, ta yi baiti ɗaya ta tsaya, ta ce abin ba ya zuwa. Na tafi Argungu wurin Gwaggo ko za a dace, na yini ina yawo, har na shiga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942, na fito. Tsofaffi uku na samu, duk amsarsu irin ta Kaka ce. Sai a nan na fahimci abin da malam ke nufi da ya ce sautin madaɓi shi ne ma'aunin waƙar, in an cire shi numfashin mai waƙa ba ya da abin dogara.

Cikin hutun ƙarshen shekara na tara ɗan abin da na samu na koyar da yara darasi, na koma wurin birkilan nan na ba shi haƙuri. Ya fasa simintin ƙofar ɗakin Kaka da na lungun bayan ɗakin Inna, ya faɗaɗa gindin dogon yaro, ya fitar da hanyar ruwa zuwa rariya. Da ya zo zai sake zubawa a ƙofar Kaka sai ta hana, ta ce a kawo mata marmara. Makuba sai da na je ƙauye na samo. Ta aika aka kira tsofaffi uku da suka rage a unguwa, aka nemo madaɓai biyu, ɗaya a ƙarƙashin gadonta ɗaya an mai da shi abin tokare ƙofa. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Da ƙarfinsu ya kasa sai Kaka ta miƙo mini madaɓi ta ce in durƙusa, ƙannena na leƙe suna dariya. Wayata ta ɗauki minti 11 kafin tari ya sarƙe ta. A ciki akwai kalmomi biyu da na duba ƙamusun Bargery da na Abraham ban same su ba, na tambaye ta ma'anarsu ta ce ita ma haka ta ji su wurin uwarta.