Ciwon Kan Nono da Nauyin Faɗinsa

A Tozai, kamar sauran garuruwan Isa da Sabon Birni, mace kan faɗi ciwon kai ko na ciki kai tsaye, amma na kan nono sai ta haɗiye shi. A gidan da na tashi kunya ake kiran wannan shiru, har a yaba wa mai yinsa.

Mai jego ce wannan ciwo ya fi kamawa, musamman a makonnin farko. Idan jariri ya cafki tsinin nonon kaɗai bai haɗa da baƙin da ke kewaye da shi ba, fatar kan tsage, shayarwa ta zama azaba. Gyara riƙon jaririn yakan wadatar. In kuwa ƙwayoyin cuta suka shiga ta tsagar, ko nono ya taru bai fita ba, sai maman ya kumbura, zazzaɓi ya biyo baya. Aka yi sakaci, ya tara mugunya har sai an tsaga.

Haka ta faru da wata ƙanwar mahaifiyata. Tsofaffi suka ce nononta ya ɓaci, aka yaye ɗanta yana wata uku, aka koma ba shi kunu. Ita ta warke, shi kuwa gudawa da rama suka daɗe suna cinsa. Alhali likitoci na ba da shawarar ci gaba da shayarwa ko da maman ya kumbura, domin fitar nonon na cikin maganin, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce nono zalla ake bai wa jariri har wata 6.

Wadda ba ta shayarwa ma kan ji ciwon gab da al'ada, ko a farkon shigar ciki, ko saboda gugar matsattsiyar rigar mama, ko kirci. Yawancinsu masu wucewa ne. Wanda ba ya wucewa shi ne abin tsoro. A 1874 likitan Ingila James Paget ya bayyana wani miki mai kama da kirci a kan nono, wanda sankara ke ɓoye a bayansa. Miki a gefe guda da ya ƙi warkewa, fitar jini, nutsewar kan nonon ko ƙullutu, ko a jikin namiji ne, asibiti suke buƙata, ba shafe-shafe ba.

Daga Tozai kuwa asibiti na nufin Isa, in abin ya yi tsanani sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ta hanyoyin da 'yan bindiga suka sa matafiya fargaba. Tafiyar na buƙatar kuɗi da izinin miji, mijin da ba a faɗa wa komai ba.

Mu da ke birni mu ake kira idan ciwo ya gagara. Gara mu riga yin kiran, mu sa 'yar'uwa ko ungozoma ta tambayi mai jegon abin da ba za ta faɗa da kanta ba.