Kalmar "Quite": Tsakanin Ƙwarai da Ba Laifi

Wani malamin Hausa ya aika da maƙalarsa ga wata mujalla a Ingila. Da amsa ta zo, sai ya ga mai bita ya ce aikin "quite good" ne. Malam ya fassara wa kansa da "ya yi kyau ƙwarai", ya ƙi taɓa gyare-gyaren da aka ba shi shawara a kansu. Ashe abin da Baturen ke nufi shi ne "ba laifi". Aka mayar masa da maƙalar, shekara guda ta salwanta.

Wannan ne ya sa ya bi diddigin kalmar. Bayanau ce mai nuna gwargwado, kuma asalin ma'anarta "gaba ɗaya", domin tushenta ɗaya da "quit", wato rabuwa da abu sarai. Ma'anar tana nan daram idan kalmar ta zo gaban sifar da ba ta karɓar ƙari ko ragi: "quite right" daidai ne sarai, "quite impossible" ba zai yiwu ba sam. Amma gaban sifa mai hawa-hawa, irin su "good", mutumin Ingila kan rage mata ƙarfi, alhali Ba'amurke kan ƙara mata. Ko kishiyoyinta ma sun rabu: "not at all" kore abu ne baki ɗaya, "hardly" na nufin da ƙyar, "not quite" kuwa saura ƙiris.

Abin da ya fi damun malam shi ne, Hausa ba ta ba mai fassara mafaka a nan. Dole ya zaɓa: ko "sosai", "ainun", "matuƙa", ko kuwa "da ɗan dama". Idan ana son kai wa maƙura, ga amsa-kama: fari fat, baƙi ƙirin, cike fal. Duk wanda ya ɗauka, ya yanke hukunci a kan nufin marubuci.

Daga baya ya lura cewa dabarar ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Majinyaci na kwance rai a hannun Allah, a tambayi jiki, a ce "da sauƙi". Ɗan gida ya san abin da aka sakaya, baƙo kuwa sai ya tafi da murna. Shi ma baƙuntar ce ta ci shi.

Tun daga lokacin, in kalmar ta faɗo a darasin fassara, malam kan hana ɗalibai buɗe ƙamus sai sun amsa tambaya biyu: wace sifa ce ta biyo ta, kuma mutumin ina ne ya faɗe ta?