Tambayoyin da Nake Yi wa Mai Neman Shugabancin Asibiti a Bakin Iyaka

Duk wanda ya zauna a kwamitin tantance ma'aikatan lafiya ya san cewa takardu ba su cika bambanta mutane ba. Kusan kowa yana zuwa da shaidar makaranta da lasisin aiki. Abin da nake nema ga wanda zai riƙe ƙaramin asibiti a gari irin Tozai, cikin ƙaramar hukumar Illela, shi ne yadda yake yanke shawara idan ƙa'idoji biyu suka yi karo.

Tambayata ta farko a kan kwalbar allurar ƙyanda take. Kwalbar tana ɗauke da rabon yara 10, kuma da zarar an haɗa ta, bayan awa 6 sai zubarwa. To, ga uwa ta tako daga ƙauye da yaro ɗaya tak, rana ta yi, babu kowa a layi. A buɗe, ko a ce ta dawo ranar rigakafi? Da yawa sukan ce ta dawo, domin tsoron a tuhume su da ɓarna. Wannan amsar tana da kamar tattali, amma ni ba na karɓarta. Uwar da aka mayar ba lalle ta dawo ba, balle da damina, lokacin da gona ta riƙe kowa. Asarar rabo 9 ta fi sauƙi a kan yaro guda da ƙyanda za ta kama, ya kuma yaɗa ta a gida. Wanda ya ce zai buɗe, ya aika a kira yaran maƙwabta kafin awa 6 su cika, sannan ya rubuta abin da ya salwanta ba tare da ɓoyewa ba, shi nake sa wa alama.

Ta biyu ta shafi iyaka. Illela da Birnin Ƙonni dangi ne, kuma ciwo ba ya tambayar fasfo. An rufe iyakar a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, amma zumunci bai tsaya ba. Sai in miƙa wa mai neman aiki katin rigakafi da aka cika da Faransanci, in tambaye shi yadda zai gane allurar da ta rage wa yaron, da kuma inda zai shigar da shi a rajista. Idan aka cakuɗa yaran tsallake da na gunduma, lissafi zai iya nuna an kai ga kowa, alhali akwai ƙauyukan da ba a taka ba.

Batun kuɗi ba na daɗewa a kansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, kuma kwamitin gunduma yana da baki a yadda ake kashe rabon asibiti. Nakan tambaya kawai: in shugaban kwamitin, dattijo sa'an mahaifinka, ya nemi ka sa hannu a takardar da ba ka gamsu da ita ba, da wace kalma za ka fara? Masu cewa “ai sai in ƙi” ba su san garin ba. Masu yin shiru sun san shi, kuma ga waɗannan nakan ƙara minti biyar, in ji ko shirun na neman lafazi ne ko na amincewa.