Yini Guda A Kafanchan Da Kagoro

Ran da na gaya wa uwargida cewa hutun sabuwar shekara a Kafanchan za mu yi shi, sai ta yi shiru, can ta ce, "Malam, da yaran?" Ban ga laifinta ba. Ita Bakana ce, abin da ta sani game da garin bai wuce labarin tarzoma ba. Ni kuwa a nan aka yanke mini cibiya, a barikin Reluwe, inda mahaifina ya yi aikin jirgi. Mun tashi ne bayan rikicin watan Maris na 1987, wanda ya faro daga Kwalejin Horon Malamai, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Tun daga sa'an nan ban koma ba sai jefi-jefi, 'ya'yana kuwa ko hanyar ba su sani ba.

Da sassafe ran 1 ga Janairu, hunturu na busawa, muka fara da tashar jirgi, domin ita ce uwar garin. A 1927 ne dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta nan ya haɗu da na Kaduna, aka kuma ja reshe zuwa Jos saboda kuza. Kafin haka ƙauyen mutanen Fantsuwam ne. Jirgi ya tara Ibo da Yarabawa da Hausawa da Tibi wuri ɗaya, har a 1933 fadar Sarkin Jama'a ita ma ta taso ta dawo kusa da dogo. Na nuna wa yara inda muke tsayawa mu ga jirgin Fatakwal ya shigo da manja da garin rogo, na Arewa ya wuce da shanu. Yanzu ciyawa ta ci dogon, taragu na tsaye sun yi tsatsa, awaki na kwance a inuwarsu. Autarmu ta ce, "Baba, yaushe jirgin zai zo?" Na ce ta zo mu tafi, rana na yi.

Daga Kafanchan zuwa Kagoro tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Tun daga nesa mutum zai hango dutsen, ya tokare gabas kamar ganuwa, garin kuma na kwance a gindinsa. Wani abokina da muka yi firamare tare, ɗan garin, shi ya tarye mu. Tsohuwarsa ta dube ni ta ce, "Kai ne ɗan mai jirgi? Ka yi furfura ka bar ni!" Ta jawo yaran jikinta, ta sa aka kawo mana kunun acca. Na lura uwargida ta fara sakin jiki.

Abin da ya kawo mu shi ne bikin Afan. A harshen mutanen Kagoro, waɗanda ke kiran kansu Agworok, Afan dutse ke nan. Asalinsa biki ne na ƙarshen kaka da buɗe farauta. A zamanin Sarkin Kagoro Malam Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 har rasuwarsa a 2008, watau shekara 63, aka tsayar da shi ranar farko ta kowace shekara.

To, duk wanda ya ce wasan kwaikwayo sai a ɗaki mai labule, bai je Kagoro ba. Da aka busa ƙaho sai maharba suka shigo fili, sanye da fatu, kwari a baya, baka a hannu. Suka sunkuya suna sanɗa kamar masu bin sawun nama. Ɗaya ya tsaya cak, ya shinshina iska, ya ɗana kibiya, duk filin ya yi tsit. Da ya yi kamar ya saki, sai mata suka rangaɗa guɗa, ganguna suka ɗauka, ƙura ta tashi. Ba wanda ya furta kalma, amma autarmu mai shekara 6 ta gane an kashe nama. Bayansu ƙungiyoyin rawa suka biyo, har da na maƙwabta, Bajju da Atyap da sauransu, waɗanda a da muke ce wa Kaje da Katab, sunayen da ba su ne suka raɗa wa kansu ba.

Muna cikin kallo sai babban ɗana ya tambayi abokina, "Baba, me ya sa mutanen da suka zauna a kan dutse, alhali ga fili?" Na ji gabana ya faɗi. Abokina ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Tambayi babanka." Ba yadda zan yi, na faɗa masa gaskiya: a ƙarni na 19 mahaya daga Zazzau da Jama'a sukan kawo hari ƙasar nan neman bayi, doki kuwa ba ya hawa irin wannan dutse, shi ya sa Kagoro ba ta taɓa zama ƙarƙashin sarakunan nan ba. Yaron ya yi shiru. A ganina gara ya ji daga bakina, a gaban mutanen da abin ya shafa, da ya ji daga bakin mai neman tada husuma. Mu ma muna da namu tabon, domin kasuwar da uwata ta yi ciniki ta ƙone a rikicin bayan zaɓen Afirilun 2011. Abokina ya san wannan, kamar yadda na san nasa asarar. Da azahar ta yi, shi da kansa ya kawo mana buta, ya shimfiɗa tabarma a zauren gidansu, shi da ke dattijo a cocinsu.

Da la'asar muka biya Matsirga, wajen Madakiya, inda kogi ke tsirgowa daga kan dutse. Rani ne, ruwan ya ja baya. Mai son ganin ƙarfinsa ya zo da damina. Yara suka tsoma ƙafa suka yi ihun sanyi. Muka sayi citta a bakin hanya, amma da tsada, tun da cutar da ta faɗa wa gonakin yankin a 2023.

Magariba ta riske mu a Kafanchan, kiran salla na tashi daga wajen fada. Uwargida ta leƙa ƙullin accar da tsohuwar nan ta ba ta, ta ce, "Malam, baɗi sai mu zo da wuri, mu samu wurin zama a gaba."