Keffi: Garin Da Ciyawa Ta Kafa

Matafiyin da ya taso daga Abuja ya miƙi hanyar gabas, in ya ci kimanin kilomita 50 sai ya iso Keffi, inda Dutsen Maloni ke tsaye bisa kan gari. Dutsen ya sami suna ne daga Kyaftin Maloni, Baturen da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe a 1902. Amma akwai labarin da ya girmi wannan, watau cewa ciyawa ce ta kafa garin. An ce Abdu Zanga, Bafillacen ƙasar Katsina, biɗar makiyaya ce ta riƙa kawo shi nan da shanunsa, har a wajen 1800 ya yi kafi ya zauna, daga kafin nan kuwa sunan garin ya samo asali.

A yau wanda ya ratsa Angwan Iya, unguwar cikin gari da aka kasa mazaɓu biyu, da wuya ya ga abin da zai tuna masa da wannan asali. Bulo da kwano sun ture jinka da zana. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, aka kafa jami'ar jiha a garin, ma'aikatan Abuja kuma suka yi ta kwararowa neman gida mai rahusa, sai gari ya shiga cin gonakin da ke kewaye da shi. Manomin unguwar yanzu sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya kai gonarsa, wadda ya samu kuwa ba shi da halin barinta ta huta.

To, a nan ne maganar gamba ta shigo. A da, in gona ta gaji da doya da dawa, sai a bar ta saura. Shekarun farko kyasuwa da 'yan'uwanta masu mutuwa da rani su ke rufe ta. Sannu a hankali sai gamba ta bayyana, in ta yi kauri kuwa, manoma sun san ƙasa ta farfaɗo. Gonar da aka matsa mata da noma da ƙuna ba hutu, tofa ce ke gadonta, ƙuduji kuma ya addabi dawar da aka shuka.

Gamba ba ta mutuwa da ƙarewar damina. Takan kai mita 3 ko fiye, amma babban aikinta a ƙarƙashin ƙasa ya ke. Tana da saiwoyi sirara da ke shimfiɗe kusa da sama suna riƙe ƙasa, da masu kauri da ke ajiye abinci, da waɗansu da ke nutsawa can ƙasa neman laima. Shi ya sa da ruwan fari ita ke riga sauran ciyayi toho. Gindinta kuma yakan tare ruwan da ke gangarowa, ya sauke ƙasar da ya ɗebo, abin da gonakin gefen duwatsun Keffi ke matuƙar bukata a watan Agusta.

Tun da saura ta zama sai mai hali, abin da ya rage shi ne dabarar manoman Kano da Katsina da Maraɗi, waɗanda ƙarancin fili ya koya musu tun tuni su dasa gamba jere a kan iyakar gona. Irinta yana da gashi, ba shi da nauyi, iska na kwashe shi, saboda haka dashe ya fi sauƙi. In ruwa ya zauna, wajen Yuni ko Yuli, sai a haƙo tsohon gindi, a tsattsaga shi, a rage ganyen, a dasa taki ɗaya tsakani, a kuma tsare shi daga dabbobi shekarar farko. A gona mai gangare, jeren zai gitta gangaren ne, ba ya bi shi ba. Amma fa kada a ɗora mata abin da ba nata ba: gamba ba ta ƙara wa ƙasa sinadarin da wake da gyaɗa ke ƙarawa, don haka ba ta ɗauke wa manomi juya shuka da zuba takin dabbobi.

Abin mamaki, baƙi sun riga mutanen gida sanin darajarta. A 1973 aka ɗauki irin gamba daga Shika, kusa da Zariya, zuwa ƙasar Kolombiya, a 1980 kuwa aka raba shi ga makiyayan can da na Barazil, domin yana jure ƙasa maras ƙarfi. A Ostareliya dai labari ya sha bamban. An kai ta don kiwo, ta tsere cikin daji inda ba lauje ba mai saƙa zana, ta riƙa haddasa gobara mai cinye itatuwa, har a 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa.

A ƙasar Keffi mai yanka da mai ci ba su yi ƙaranci ba. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi keɓe wuraren kiwo, akwai ma irinsu a Gitata, arewa da gari, amma gonaki sun matse burtali, saɓani tsakanin manomi da makiyayi kuma ya sha jawo asarar rayuka a jihar. Jeren gamba ba zai kashe wannan wuta shi kaɗai ba, sai dai yana bayyana iyaka a fili, yana kuma ba manomi abin sayar wa mai shanu, muddin ya yanke ta tana ɗanya kafin ta fid da kai, domin bayan haka kara ce kawai, sai zana da jinka.

Abokan gabanta biyu ne. Na farko maganin feshi, wanda mai goyon tanki kan watsa har kan iyaka, ya ƙone gindin da ya shekara goma yana riƙe ƙasa. Na biyu wutar mafarauta ta tsakiyar rani, wadda ba ta kashe saiwar, amma tana lashe ganyen da ya kamata ya ruɓe a gona. Shi ya sa masu gamba ke hanzarin yanke ta da zarar iri ya nuna, wajen Nuwamba, su ɗaure dami-dami su kai gida kafin hunturu ya busar da daji.